Yawon jirgin ruwa a Istanbul da tsohuwa mai tsoron ruwa, wanne za mu hau?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda sunka san Istanbul ina biɗar shawara. Watan Disamba in Allah ya kai mu zan raka Innarmu sarin kaya unguwar Laleli ta Istanbul, abayoyi da takalma take sarowa, da can ita da ƙawarta ke tahiya amma bana ciwon gwiwa ya matsa mata shi ya sa anka ce in bi ta in riƙa ɗaukar kaya ina kai wa 'yan kargo. Shekara da shekaru tana zuwa garin nan amma wallahi daga otal sai shago sai otal, ko bakin teku ba ta taɓa tsayawa ba. To akwai Lahadi guda cikin kwanakinmu, ina son in fidda ta yawon jirgin ruwan nan da nike gani a TikTok, ta huta ta ga gari.

Matsalar ita ce Inna 'yar Goronyo ce, kuma kun san abin da kwale-kwale ke yi muna a yankin nan duk damina, akwai danginta da ruwa ya ci tun tana budurwa, ko gadar Kwalkwalawa za mu haye sai ta kama salati har mu sauka. Sannan wani yaro da ke aiki otal ɗin da za mu sauka ya turo mani hoto ta WhatsApp, wai akwai na dare da abinci da komai, mota ta ɗauke ku ta maido ku, a biya da dala. Shi ya fi ko akwai wani? Kuma tsakani da Allah jirgin na girgiza?

Mai Takalma, Tsohuwar Kasuwa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, wancan na daren ka manta da shi, kada ma ka gwada ma Hajiya hoton. Galibinsu giya ake sha a teburin da ke kusa da kai, ga kiɗa kamar ya fasa kunne, can tsakar dare mace ta fito rawa ciki waje, kuma kuna tsakiyar ruwa ba damar ka ce a tsaya in sauka. Ko wanda sunka ce maka babu giya a kuɗinka, to na kusa da kai ya biya nashi. Yaron otal kamasho shika nema, ba laifinshi ba ne, sana'a tai.

Abin da za ka yi mai sauƙi ne. Daga Laleli ku hau tiram T1, jirgin ƙasan cikin gari ke nan, shi ne wanda ke bi ta Sultanahmet, ku sauka Eminonu, tasha kaɗan ce. Kana sauka 'yan kamasho za su yi maka caa suna Bosfor Bosfor, wato Bosforos, ruwan da ake yawon bisanshi, wani har ya kama maka hannu, kada ka kula su, ka wuce kai tsaye tagar Sehir Hatlari, kamfanin jiragen gwamnatin birni ke nan, farashi na rubuce ga allo da lira ba ciniki. Suna da gajeren zagaye wajen awa 2, da kuma dogo da ke cin kusan awa 6 har ƙauyen Anadolu Kavagi can kusa da bakin Bahar Aswad, a sauke ku ku ci kifi ku huta kahin a juyo. Ni dogon nika so, don a hanya ana tsayawa Kanlija a shigo da kindirmonsu da garin sukari bisa, ga shayi ana ta zagayawa da shi cikin 'yan ƙananan kofunan gilas. In kuɗin shiga da na kifi sunka kai rabin abin da yaron nan ya hwaɗa maka, ka zo shago ka karɓi takalmi kyauta.

Bakanike Kara:

Allah ya ba mu abin da ya ba ku. Mu da iyakar yawon ruwanmu mu tsaya bakin gulbin Rima mu ga masu wankin mota. Amma dai Ɗan Mabera tsohuwa ta ce ba ta son ruwa ka ƙyale ta mana, dole ne? Kai ta ta ci kebab ku koma.

Ɗalibi a Uskudar:

Salam. Ni karatu nake a nan, kuma jirgin nan shi ne motar hayata, da shi nake tsallakawa makaranta, don haka bari in yi magana kan tsoron da Inna ke ji don shi ne babba.

Abin da ke kifar da kwale-kwale a gida mun san shi: lodi ya wuce kima, a zuba mutane da buhuna da babura, katako ya tsufa, ba rigar kariya, wani lokacin ma da dare ba fitila sai a ci karo da kututture. Wannan kuwa jirgin ƙarfe ne hawa biyu wani uku, yana ɗaukar ɗaruruwan mutane, akwai zaure mai tagogin gilashi da kujeru da hita da wurin sayar da shayi da ban ɗaki, rigunan kariya na nan a jere inda kowa ke gani. Ma'aikata da 'yan makaranta da tsofaffi da keken guragu duk shi suke hawa safe da yamma. In ta zauna a hawan ƙasa ta tsakiya, shayin da ke hannunta ma ba zai zube ba.

Kuma Bosforos ba buɗaɗɗen teku ba ne, mashigi ne tsakanin Bahar Aswad da tekun Marmara, tsawonsa kamar kilomita 30, inda ya fi matsewa faɗinsa wajen mita 700 ne kacal, ko'ina kika duba Inna ga gidaje ga masallatai dama da hagu, ba inda ƙasa za ta ɓace miki. Girgiza tana zuwa ne in wani ƙaton jirgin dakon mai ko na kwantena ya gifta, don hanyarsu ce zuwa Rasha da Yukren da sauransu, sai ka ji an ɗan yi lilo sau biyu uku shi ke nan. Sai kuma ranar da iskar kudu da suke ce wa lodos ta taso, ko hazo ya rufe, to ranar su da kansu suke soke tashi, ba mai cewa a dai gwada Allah na nan.

Yaya Ɗan Mabera, ku nemi kujerar gefen hagu. Da tafiya Turai ce a hagunku, in an juyo kuma Asiya ta koma hagunku, ka ga kujera ɗaya ta ba ku duka biyun. Ana tashi ka waiwaya baya tukuna, don wannan ne hoton da babu irinsa: Aya Sofiya da aka mayar masallaci a 2020, fadar Topkapi a kan tsinin tudu, Sulaimaniyya can sama, hasumiyoyi birjik. Daga nan sai fadar Dolmabahce, fara doguwa a bakin ruwa kamar ba za ta ƙare ba, an gama ta 1856, a ciki Ataturk, shugaban Jamhuriyar Turkiyya na farko, ya rasu a 1938. Sai masallacin Ortakoy wanda ruwa ke dukan gindinsa, gada ta farko ta 1973 tana bisa kansa, jirgi zai bi ta ƙarƙashinta kana jin rugugin motoci a sama. Inda na fi so shi ne ganuwar Rumeli Hisari. Sultan Muhammad Alfatih ya gina ta a 1452 cikin wata huɗu da 'yan kai, daidai inda ruwan ya fi matsewa, tana fuskantar wata ƙarama da kakan babansa Bayazid ya gina a tsallaken Asiya, don kada wani jirgi ya kawo wa Rumawa agaji daga arewa. Shekara na zagayowa, 1453, ya ci birnin. In kana cikin jirgi ka ga yadda tudun biyu suka matso juna sai ka gane dabarar ba sai an yi maka bayani ba. Gada ta biyu da ke wurin, ta 1988, sunansa aka sa mata, kuma a wajen nan gajeren zagaye ke juyowa. Da dawowa sai tsofaffin gidajen katako na masu hannu da shuni a bakin ruwan Asiya, ja da fari da ruwan ƙasa, wasu kwale-kwalen mai gida na ɗaure a ƙofa.

Ka sayi simit kafin ku shiga, burodi ne mai kamar zobe da riɗi a jiki. Ka gutsura ka jefa sama daga bayan jirgi, fararen tsuntsayen tekun nan za su cafe tun bai taɓa ruwa ba, haka za su bi ku suna ihu. Na ga tsofaffin da suka shigo fuska a murtuke wannan ya sa su dariya.

Hajiyar Gawon Nama:

Sannunku. Alhaji Mai Takalma ka yi mani haƙuri amma awa 6 ga mace mai ciwon gwiwa kuma cikin Disamba, a'a. Ku maza kuna kallon kifi da kindirmo, ba ku tuna sanyi. Sanyin garin nan bisa ruwa ba irin hunturunmu ba ne da rana na fitowa ya sake ka, iska ce mai jiƙa tana shiga ƙashi, kuma Anadolu Kavagi in an sauke ku awa kusan uku za ku yi, abin kallon wurin tsohuwar ganuwa ce can bisa tudu, hawa ne sosai, mi za ta je yi? Ta zauna gidan kifi tana kallon agogo? Ga rana gajera, Azahar da La'asar kusa da juna, kahin ku dawo Magariba ta kawo jiki.

Ɗana ga yadda nika yi da duk wadda na kai karon hwarko. Kada ka ce mata yawon jirgi, kalmar yawon ce za ta sa ta ƙi. Ka ce za ku ziyarar Sayyidina Abu Ayyubal Ansari, sahabin da Annabi (SAW) ya sauka gidanshi da ya iso Madina. Kabarinshi na nan unguwar Eyup, ya rasu can lokacin da rundunar Musulmi ta yi ma birnin zobe zamanin Mu'awiya. Akwai jirgin fito da ke zuwa har can, kuna iya kama shi Karakoy, tsallaken gadar Galata daga Eminonu, shina bin wani lungun ruwa da ya shiga cikin gari, Halic suke ce mai, ruwan kwance lumui ba igiya, tasha-tasha shika tsayawa. Duk matar da ta saba zuwa Hubbare ba ta ƙin wagga tahiya. In ta shiga ta ga ba komai, ta yi ziyara ta yi sallarta hankali kwance, to ita da kanta za ta ce a ƙara. In kuma ta tubure a bakin jirgi kada ka matsa mata, akwai tiram T5 daga Eminonu da ke bin gefen ruwan har Eyup, ziyara dai ba ta faɗi ba.

Wurin da za ka kula shi ne shiga da fita. Jirgi na ɗan motsi, tsakaninshi da dakali akwai rata, ana aza gada ta ƙarfe amma mutanen garin sauri gare su ba su jira. Ku bari a watse, ka shiga gabanta ka ba ta hannu, ka ce ta tattare abaya ta dube ka kada ta dubi ƙasa. Ta sa safa mai kauri da takalmi rufaffe ba silifas ba, da suwaita ƙarƙashin hijabi. Alwala ku yi ta tun otal, ko a Yeni Jami, babban masallacin da ke kallon tashar Eminonu, akwai wurin mata.

Mai Takalma, Tsohuwar Kasuwa:

Hajiya kin fi ni gaskiya kan gwiwa. Amma gajeren dai kada su bari, a zo Santambul ba a bi ƙarƙashin gadar nan ba ai an yi asarar kuɗin biza.

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na karanta ma Inna jawabin Hajiya, ta yi shiru can ta ce ashe sahabin nan garin shike duk shekarun nan ba wanda ya hwaɗa mata. Ta yarda da na Eyup, na gadar kuma ta ce sai ta gani. Bakanike kebab ɗin ma za a ci in sha Allah. Ɗalibi, duka biyun na yiwuwa rana guda ko in raba?

Ɗalibi a Uskudar:

Yana yiwuwa in kun fita da wuri, amma da Inna gara ka raba. Eyup ku je da hantsi, don Lahadi da Juma'a wurin cika yake, layin shiga kabarin na mata daban na maza daban, kuma tsayuwa ce. Ku sayi Istanbulkart a injin da ke tashar tiram ku zuba masa kuɗi, da shi ake hawa tiram da jirgin fito duka, zagayen Bosforos ne kawai ke da tikitinsa daban. In ta ji daɗin na Eyup, washegari bayan kun gama da 'yan kargo ku tsallaka Uskudar daga Eminonu, kamar minti 20 ne, za ta ga babban ruwan da wata hasumiya da ke tsaye ita kaɗai a cikinsa, daga nan ka san ko za ta iya awa 2. Jadawalin lokacin sanyi ba ɗaya yake da na bazara ba, jirage sun fi ƙaranci, don haka ka duba shafin Sehir Hatlari daren da za ku fita, kuma ka gyara agogonka, nan muna gaban Sakkwato da awa 2.