Mil ko maki: sunan abin da kamfanin jirgin sama ke tara wa fasinja

Jama'a, ina so mu tsayar da kalma guda ga abin da Amurkawa ke kira "miles", wato abin da kamfanin jirgin sama ke tara wa abokin cinikinsa har ya kai ya karɓi tikiti da shi. Masu fassara da dama suna rubuta "mil" kai tsaye, kuma a ganina wannan ɓatar da mai karatu yake yi.

A 1981, da kamfanin jirgin sama na American Airlines ya fito da tsarinsa na tara wa fasinja "miles" mai suna AAdvantage, sunan "mil" ya dace, domin nisan tafiya ake aunawa. Tun 2015 kuwa kamfanonin jirgin sama na Delta da United suka koma lissafi da kuɗin tikiti. Abin da ya fi rushe "mil" shi ne batun haraji. Hukumar haraji ta Amurka, wato IRS, tana karɓar haraji ta kati ta hannun wasu kamfanoni, waɗanda ke cajin kusan kashi 2 cikin 100 a katin bashi, amma a katin cirar kuɗi caji ɗaya ne tsayayye, dala 2 da 'yan kai. Saboda haka mai katin cirar kuɗi irin wanda bankin SunTrust ya taɓa bayarwa tare da Delta a da yakan biya harajinsa yana zaune a gida, a zuba masa dubban "miles". Irin wannan kati ya yi ƙaranci bayan dokar Durbin ta 2010 ta rage abin da manyan bankuna ke samu a kansa. To, ta yaya za a ce mutum ya sami mil dubu goma alhali ko ƙofar gida bai fita ba?

Na auna "lada", amma Bahaushe ya fi ajiye ta ga aikin da Allah ke sakawa, ga shi kuma tana iya rikicewa da ladan aikin da kamfanonin karɓar harajin ke cira. "Tukwici" na ɗan aike ne. "Gyara" ta fi jan hankalina, tunda ƙari ce da mai sayarwa ke yi wa mai saye, sai dai gyara nan take ake bayar da ita daga kayan da aka saya, ba a tara ta shekara da shekaru, kuma wanda aka biya haraji ba shi ne mai yin ƙarin ba.

"Maki" ake ƙirgawa, a tara, kuma kowa ya san ba kuɗi ba ne har sai an musanya shi. Don haka shawarata ita ce "makin jirgi", jam'insa "makunan jirgi" idan an buƙata. Sai a rubuta: ya biya harajinsa da katin cirar kuɗi, ya sami makin jirgi 10,000. A bar "mil" ga nisan da jirgin ya ci a sama.