Neman shawara: digirin digirgir a tarihin yaƙi, ko a nazarin dabarun yaƙi?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana. Na kammala digiri na biyu a sashen tarihi, kuma kundina ya kwatanta yadda Clausewitz, hafsan ƙasar Furushiya (wani yanki na Jamus a da), da Jomini, hafsa ɗan asalin Suwizalan, waɗanda dukansu marubuta ne kan dabarun yaƙi, suka ɗauki yaƙin sunƙuru, musamman irin wanda mutanen Sifaniya suka yi wa rundunar Napoleon daga 1808 zuwa 1814. Abin da ya ja hankalina tun farko shi ne, mutanen nan biyu zamaninsu ɗaya, dukansu sun ga yaƙe-yaƙen Napoleon da idonsu, dukansu ma sun taɓa yi wa Rasha aikin soja, amma fahimtarsu ta sha bamban. Jomini, a littafinsa na 1838, ya ɗauki yaƙin da jama'ar gari suka shiga gaba ɗaya a matsayin masifar da gara a kauce mata. Shi kuwa Clausewitz tun a 1810 yake koyar da ƙananan hafsoshi a Balin darasin ƙaramin yaƙi, wato yaƙin ƙananan rukunonin soja, daga baya kuma ya ware babi guda a kashi na shida na babban littafinsa kan yaƙi (Vom Kriege) ya yi bayanin yadda jama'ar da suka ɗauki makamai za su iya gajiyar da rundunar mamaya sannu a hankali. Ban taɓa gajiya da karanta wannan babin ba, kuma na yi imani akwai abin da ba a gama cirowa daga cikinsa ba.

Burina shi ne in ci gaba da wannan aiki a digirin digirgir, in haɗa shi da tawayen zamani, sannan in koyar a jami'a. Matsalar ita ce malamin da ya duba aikina ya ce abin da nake nufi ba tarihi ba ne, tunda ba zan tono wasu takardu da ba a sani ba. Da na je sashen kimiyyar siyasa kuma, sai aka ce ƙarni na 19 ya yi musu nisa, suna son alƙaluma da misalai na yanzu. Ku ba ni shawara: wane sashe zan nufa, kuma akwai aikin koyarwa a wannan fanni ko kuwa ina ɓata shekaruna ne?

Tsohon malami:

Wa alaikumussalam, ɗana. Kafin komai, kana karanta Jamusanci da Faransanci? Ba ka faɗa ba, kuma amsar da zan ba ka ta rataya ne a kan wannan. Clausewitz ya rasu a 1831 bai gama gyara littafinsa ba, matarsa Marie ce ta fara fitar da shi a 1832, kuma a takardar da ya rubuta a 1827 shi da kansa ya ce yana nufin sake fasalin aikin bisa tunanin cewa yaƙi ci gaban siyasa ne ta wata hanya. Duk wanda zai yi digirin digirgir a kan irin wannan rubutu dole ne ya san wane kashi aka rubuta a wane lokaci, ya karanta wasiƙun marubucin da ƙananan rubuce-rubucensa. Fassarar Ingilishi da Michael Howard da Peter Paret suka fitar a 1976 tana da daɗin karatu, amma ba a gina kundi a kanta kaɗai. Ka tsaya a sashen tarihi, ka koyi harshen, ka rubuta tarihin tunanin soja. Malaminka ya yi gaskiya rabi: sababbin takardu ba dole ba ne, amma sabon karatu na takardun asali dole ne.

Mai tambaya:

Na gode, Malam. Faransancina ya isa in karanta Jomini da taimakon ƙamus. Jamusanci ne ban fara ba, amma ban ga ya zama sharaɗi ba, domin ni ba tarihin rubutun nake bi ba, amfanin ra'ayin a yau nake bi.

Hafsa mai ritaya:

Ɗan'uwa, bari in gaya maka abin da malaman jami'a ba za su gaya maka ba. Aikin da kake nema ya fi yawa a kwalejojin horar da hafsoshi, ba a jami'o'i ba, domin can ne ake koyar da littattafan masana dabarun yaƙi irin su Clausewitz da Sun Tzu da Mahan a kowace shekara ba fashi. Sai dai ka shirya: hafsan da ya dawo daga fagen daga ba ya son farar hula ya tsaya yana koya masa ma'anar tsoro da ruɗani a yaƙi. Na zauna a aji inda wani malami mai tarin digiri ya kwashe darasi guda yana bayanin dabarun kewaye abokan gaba, bai taɓa tambayar yadda man fetur da harsasai za su isa wurin ba, kuma da muka tambaye shi sai ya ce wannan ƙaramin al'amari ne. Har yau abin yana ba ni haushi. Idan shekarunka ba su wuce ba, ka sa kaki tukuna.

Tsohon malami:

Yallaɓai, ina girmama kakinka, amma wannan shawara ba ta tsaya da ƙafarta ba. John Keegan bai taɓa aikin soja ba saboda rashin lafiyar da ya yi tun yana yaro, duk da haka ya koyar a Sandhurst, kwalejin horar da hafsoshin sojan Birtaniya, fiye da shekara ashirin, kuma littafinsa na 1976, wanda ya duba gwabzawar Agincourt da Waterloo da Somme daga mahangar sojan da ke cikin sahu, ya sauya yadda ake rubuta tarihin yaƙi. Julian Corbett lauya ne, amma manyan hafsoshin ruwan Birtaniya sun zauna sun saurare shi, kuma littafinsa na 1911 kan dabarun yaƙin teku har yanzu ana karanta shi. Thomas Schelling masanin tattalin arziki ne, amma ba za a yi maganar tsoratar da abokin gaba da makamin nukiliya a zamanin Yaƙin Cacar Baka ba tare da an ambace shi ba. Malamin da ya ɓata maka rai rashin karatu ne ya dame shi, ba rashin kaki ba.

Shi kuma mai tambaya ya sani ba shi ne farkon wanda ya tsaya tsakanin ƙofa biyu ba. Hans Delbrück ya sha suka daga malaman tarihi na jami'ar Balin waɗanda ba su ɗauki tarihin yaƙi a bakin ilimi ba, ya kuma sha suka daga manyan hafsoshin Jamus da ya ce Frederick Mai Girma, sarkin Furushiya, dabarar gajiyar da abokin gaba ya bi, ba ta murƙushe shi a karo ɗaya ba. Abin da ya fitar da shi shi ne tsantsar aikin tarihi: ya ɗauki adadin sojojin Farisa da suka kai wa Girka yaƙi, kamar yadda Herodotus, marubucin tarihi na tsohuwar Girka, ya bayar, ya auna shi da tsawon hanya da faɗin fili da abin da runduna ke ci, ya nuna ba zai yiwu ba. Juzu'i huɗu ya fitar kan tarihin dabarun yaƙi daga 1900 zuwa 1920. Don haka nake maimaitawa, tarihi da harshe.

Malama mai koyarwa na wucin gadi:

Malam, duk sunayen da ka lissafa na waɗanda suka yi nasara ne, ba a rubuta tarihin waɗanda suka gama digirin suka rasa kujera. Ni na bi wannan hanya da kake yabawa, na koyi harshe, na zauna a rumbun adana takardu, na wallafa a mujalla, kuma har yanzu kwantiragi nake sabuntawa zango bayan zango, ina koyar da darussan gabatarwa da babu wanda yake so. Duk lokacin da gurbi ya fito sai a ce ana neman mai tarihin zamantakewa ko na tattalin arziki, kuma a wata ganawa an taɓa tambayata ko fannina ba ɗaukaka yaƙi ba ne. Ɗan'uwa, idan koyarwa kake so da gaske, ka nemi sashen da ya haɗa fannonin biyu tun asali, irin sashen nazarin yaƙi na King's College da ke Landan, wanda Michael Howard ya kafa a 1962, ko ka shiga ɓangaren hulɗar ƙasa da ƙasa. Mai wannan digiri ko bai sami jami'a ba yana iya samun cibiyar bincike ko ma'aikatar tsaro. Sannan ba ka ce komai ba game da wanda zai ɗauki nauyin karatun.

Mai tambaya:

Malama, Allah ya kawo miki mafita. Maganar kuɗi zan duba ta idan na tsayar da sashe. Hulɗar ƙasa da ƙasa kuwa na riga na gwada, za su sa ni in mayar da Clausewitz jadawalin alƙaluma, alhali shi ne ya fi kowa gargaɗi a kan masu son mayar da yaƙi lissafi. Ba kuma don aikin ma'aikata na fara wannan karatu ba.

Hafsa mai ritaya:

To ka ga, ba ka son jadawali, ba ka son kaki, ba ka son Jamusanci. Ni dai na faɗi inda aikin yake.

Tsohon malami:

Ka bar shi, Yallaɓai, ƙin jadawalin nan shi ne alamar cewa ɗan tarihi ne. Ɗana, ka cire tawayen zamani daga kundin gaba ɗaya, ka ajiye shi sai ka sami kujera. Ka tsaya a kan darussan da Clausewitz ya koyar a 1810 da 1811 da abin da ya biyo bayansu, ka nuna yadda tawayen jama'a a Sifaniya da Tirol (wani yanki na Austriya) ya shiga tunanin hafsoshin Furushiya. Wannan kundi ne da kowane sashen tarihi zai karɓa, amma da Jamusanci.

Malama mai koyarwa na wucin gadi:

Zai karɓa, Malam, amma karɓar ɗalibi daban, ɗaukar ma'aikaci daban.

Mai tambaya:

Na ji duk bayananku, kuma na gode. Sai dai idan na cire tawayen zamani, abin da ya sa nake son aikin ne na cire, domin tambayata ita ce ko babin nan na kashi na shida yana iya bayyana dalilin da ya sa manyan rundunoni ke kasa gamawa da 'yan sunƙuru. Akwai wanda ya san wani malami a sashen tarihi da ya taɓa yarda ya duba kundin da rabinsa ƙarni na 19 ne, rabinsa kuma na yanzu?