Fistin na ƙira don injin 2JZ mai turbo: 2618 ko 4032?

Mai IS300, Rayfield:

Assalamu alaikum. Ina da Lexus IS300 samfurin 2002 mai injin 2JZ-GE, wadda nake shirin sanya wa turbo, kuma an riga an sauke injin a garejin bakanikena da ke Farin Gada a Jos. Burina in samu ƙarfin doki kamar 450 da matsin iskar turbo da bai wuce bar 1 ba (bar ma'aunin matsin iska ne), amma motar ita ce ta zirga-zirgata ta kullum, kuma da ita nake sauka Abuja idan aiki ya taso. Na fahimci cewa fistin ɗin da injin ya zo da shi na zubi ne, wato narkakken alminiyam aka zuba a mazubi, kuma matsinsa na 10.5:1 (yawan matse iska da mai da yake yi a cikin silinda) ya yi yawa ga turbo, don haka na yanke shawarar sayen na ƙira, wanda ake danne alminiyam da ƙarfi a fitar da siffarsa. Inda na tsaya shi ne zaɓi tsakanin haɗin alminiyam na 2618 da na 4032. Wanne ya fi dacewa da irin man da muke sha a nan, kuma a wane matsi zan tsaya?

Tsohon Injiniya, Bukuru:

Wa alaikumus salam, Malam. Bambancin haɗin nan biyu yana cikin yawan silikon. Na 4032 yana ɗauke da kimanin kashi 12 cikin 100, na 2618 kuwa kusan babu a cikinsa, kuma daga nan halayensu suka rabu. Silikon yana rage kumburin alminiyam idan ya yi zafi, yana kuma sa shi jure goga, amma yana ƙara masa gautsi. Saboda haka ana sanya 4032 da ɗan ƙaramin sarari tsakaninsa da bangon silinda, wajen milimita 0.05 zuwa 0.07 a irin faɗin silindarka, ba ya surutu, kuma ramukan zobensa suna daɗewa ba su buɗe ba. Shi 2618, wanda asalinsa daga haɗin da Rolls-Royce ta samar don injinan jiragen sama ne, yana kumbura sosai, dole a bar masa sarari wajen milimita 0.09 zuwa 0.11, amma idan aka matsa masa yakan lanƙwasa kafin ya tsage.

A Turai ko Japan, inda ake samun fetur mai lambar oktan 98 (ma'aunin yadda mai ke jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba) a famfo, da 4032 zan ba ka shawara kai tsaye a wannan ƙarfin. A nan lissafin ya sauya. Man gidajen manmu ba ya kai wannan lamba, kuma na wannan tanka ba ya zama daidai da na wancan. Idan mai ya yi rauni, ragowarsa da ke gefen ɗakin ƙonewa yakan fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso, kuma bugun yana sauka ne a kan sirarin bangon da ke tsakanin zobe na farko da na biyu. Duk wanda ya taɓa zaro fistin na zubi bayan irin wannan ya san yadda guntun wurin yake faɗowa a tafin hannu da zarar an cire zoben, samansa kuma ya yi tsaga-tsaga kamar an watsa masa yashi. Na 2618 yana ba ka ɗan lokaci ka ji ƙarar ka ɗaga ƙafa. Don haka ni 2618 zan saya, a matsi tsakanin 8.5:1 da 9:1, domin ita kanta Toyota a 8.5:1 ta tsayar da 2JZ-GTE ɗinta mai turbo. Sai dai ka shirya jin kwaramniya da asubahin hunturun Jos har sai injin ya ɗumama.

Bakanike, Farin Gada:

Ranka ya daɗe Injiniya, bayaninka ya gamsar, amma ina da ɗan saɓani a kan abin da ya kamata a sa a gaba. Motar da ake tayarwa kowace safiya a yi gajeriyar tafiya zuwa ofis, yawancin rayuwarta fistin bai gama kumbura ba take yi, kuma a wannan halin 2618 yana cin siket ɗinsa, wato ƙasan jikin fistin da ke goga bangon silinda, da ramukan zobe fiye da 4032. Idan an yi saitin kwamfutar injin da taka-tsantsan, an ja lokacin wuta baya, an bar na'urar jin bugu tana aiki, 4032 zai ɗauki doki 450 ba tare da damuwa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne awo, domin yawancin injinan da suka dawo gareji bayan irin wannan aiki ba sunan kamfani ne ya kashe su ba. Oga, kada ka yi oda sai an auna bulok. Faɗin silindarka na asali milimita 86 ne. Idan ta ci, za a faɗaɗa zuwa 86.5, kuma ba a taɓa bulok sai fistin ɗin ya iso hannu, an auna kowane ɗaya da maikuromita, ma'aunin kauri mai tsananin daidaito, a daidai wurin siket da takardar kamfanin ta nuna, sannan a goge kowace silinda daidai da nata. Mai injin boring, wato mai faɗaɗa silinda, da ya saba da motocin haya zai so ya ba ka sararin da yake ba fistin na zubi, wanda ya yi kaɗan ƙwarai, kuma ranar da ka taka motar a Hawan Kibo fistin zai kumbura ya kama bango. Ka kai masa takardar, ka tsaya a kansa.

Haka ma tazarar bakin zobe. Ga turbo ana barin inci 0.005 zuwa 0.006 a kowane inci na faɗin silinda, wato wajen milimita 0.43 zuwa 0.52 ga zoben sama a 86.5, na biyu kuma ya ɗan fi haka. Ana gogawa ne a hankali da hannu, a tura zoben cikin silinda da kan fistin don ya zauna daidai, a gwada da fila-geji, siraran ƙarafan auna tazara, a sake. Idan bakunan suka haɗu da zafi, zoben ne da kansa zai ɓalle saman fistin, na ƙira ne ko na zubi.

Mai Aristo, Tudun Wada:

Ina ƙara abubuwa biyu da ba a taɓo ba, ɗan'uwa. Na farko shi ne sauran kayan injin: kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da kuranshaf, na 2JZ-GE mai VVT-i (tsarin sauya lokacin buɗe bawul), wanda ke cikin motarka, ya fi na GTE siranta, don haka sabon fistin a kan tsohon kwanrod gyaran rabi ne. Ka canza su tare, da kusoshi masu ƙarfi irin na kamfanin ARP. Kuma bulok ɗin GE ba shi da bututun da ke fesa wa ƙasan fistin bakin mai kamar na GTE, abin da ke ƙara wa hujjar Injiniya nauyi a kan zafi. Ka kuma lura cewa lambar matsin da kamfanonin fistin irin su CP-Carrillo ko JE ko Wiseco suka rubuta an lissafa ta ne da wani kan silinda da wani kaurin gaskit. Idan naka daban ne, lambar ta sauya, sai an auna ɗakin ƙonewa an sake lissafi.

Na biyu shi ne wurin saiti. Jos tana kan tsayin kimanin mita 1,200, iskarta ba ta da nauyi kuma akwai sanyi, Abuja kuwa tana ƙasa sosai ga zafi. Matsin bar 1 da agogon turbo ya nuna maka a Jos ba shi ne bar 1 na Abuja ba, domin agogon yana ƙirga ne daga nauyin iskar waje. Saitin da ya zauna lafiya a titin Bukuru yana iya fara bugu da azahar a titin filin jirgin Abuja, saboda haka a can ya kamata a kammala shi.

Mai IS300, Rayfield:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karkata zuwa 2618 a matsin 8.5:1 tare da sababbin kwanrod, tun da ba ni da iko a kan man da zan samu a hanya. Gobe za mu auna bulok kafin in yi oda. Oga Bakanike, shin wajibi ne a ɗaura farantin da ke kwaikwayon ɗaurin kan silinda yayin goge bulok ɗin ƙarfe irin wannan, ko ana iya yi ba tare da shi ba?