Sabon fara maganin damuwa da na barci: goro da shayi na da hannu a wannan wahalar?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman bayani daga masana magani da ke zauren nan. Likita ya rubuta wa ƙanina sertraline miligiram 50 kullum saboda ciwon damuwa, da diazepam miligiram 5 da dare na mako biyu. Bai cika mako da farawa ba, ga tashin zuciya, ga rawar hannu, ga faɗuwar gaba. Cikin dare ya farka ya kasa komawa barci, da safe kuma jiki a mace. Shekararsa 23, Adaidaita Sahu yake ja. Yana cin goro, yana shan shayi da Nescafé safe da yamma, wani lokacin har da lemon ƙara kuzari. Maganin ne bai karɓe shi ba, ko waɗannan ne? A gida ana ta cewa ya ajiye maganin.

'Yar Gwale

Wa alaikumus salam Malam. Kada ya ajiye tukuna. Duk abin da ka lissafa sananne ne a makon farko da na biyu na sertraline da 'yan uwansa irin su fluoxetine da escitalopram. Magungunan nan suna ƙara aikin sinadarin serotonin, shi kuwa mafi yawansa a hanji yake, ba a ƙwaƙwalwa ba. Shi ya sa ciki ke fara amsawa da tashin zuciya ko gudawa. Yawanci wannan yana lafawa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Amfanin maganin kuma ba ya bayyana sai bayan mako biyu zuwa huɗu, wani ma sai shida. Wahalar ce ke riga sauƙin zuwa, kuma a wannan tsakanin mutane da yawa ke yanke hukuncin cewa magani bai karɓe su ba.

Da wane lokaci yake shan sertraline ɗin? Idan da dare ne, ya mayar da shi safe, bayan ya karya kumallo da abinci na gaske, ba ruwan shayi kawai ba. Wannan kaɗai kan rage tashin zuciya da farkawar dare. In ya manta bai sha ba har lokacin na gaba ya yi, kada ya haɗa biyu. In kuma abin ya yi masa nauyi, ya koma wa likitan. Akan sauke mutum zuwa 25 na kamar mako guda kafin a mayar da shi 50, amma likita ne zai yi wannan, ba shi ba.

Sai maganar kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da kofi da ganyen shayi. Shi da kansa yana kawo rawar hannu, bugun zuciya da rashin barci, wato daidai abin da sertraline ke kawowa a farko. Sun taru a kansa ke nan. Kimanin abin da ke ciki: ƙaramin cokalin Nescafé miligiram 60 ko kusa da haka, jakar ganyen shayi 40 zuwa 50, gwangwanin Coke 30 da ɗoriya, ƙaramin gwangwanin lemon kuzari mai mililita 250 kusan 80, manyan robobi kuwa sun fi haka, a duba jikinsu. Goro ba shi da ma'auni ɗaya, amma babban goro guda na iya kamo kofin kofi ko ya wuce shi. Iyakar da ake ba lafiyayyen baligi ita ce 400 a yini. Mai damuwa da fargaba yakan ji a jikinsa tun bai kai rabin haka ba.

Lokacin da ake sha ya fi yawan abin da ake sha damu na. Jiki na ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya fitar da rabin kafeyin. Wanda ya zuba 200 da la'asar, wajen ƙarfe huɗu, yana da 100 a jininsa ƙarfe tara na dare, da 50 ƙarfe biyu. Diazepam zai kwantar da shi, amma barcin ba zai yi nauyi ba. Shi kuma diazepam yana daɗewa a jiki fiye da yini guda, yana taruwa dare bayan dare, shi ne mutuwar jikin safiya. Sai mutum ya ƙara goro don ya wartsake, dare ya yi barci ya ƙi, ya fara tunanin ƙwaya ɗaya ta yi kaɗan. Ta nan ake shiga jarabar maganin barci.

Baban Ilham

Hajiya ta gama magana. Ni dai a ganina ya yanke goro da Nescafé da lemon nan gaba ɗaya daga yau, a ga ainihin abin da maganin ke yi.

'Yar Gwale

Alhaji, ban goyi bayan yankewa lokaci guda ba. Wanda ya saba da kafeyin kullum in ya daina kwatsam, bayan awa 12 zuwa 24 ciwon kai zai sauko masa, da kasala da saurin fushi, kuma yana iya kai mako guda. Gida za su ce maganin ne, su ƙara matsa masa. Lemon kuzari kam ya bar shi yau. Na yamma duka, shayi da goro, ya bari yau. Na safe ya rage a hankali: rabin cokalin Nescafé maimakon cikakke, ɓarin goro maimakon guda, bayan kwana uku ko huɗu ya sake ragewa. Daga azahar kada komai mai kafeyin ya shiga bakinsa. In zaman mai shayi ne ba ya son rasawa, ya ce a haɗa masa madara da citta ko kanumfari ba ganye. A kula da ataya ma, ƙaramin kofi ne amma an dafa ganyen har ya fitar da komai.

Nas Tarauni

Abu uku nake so Yayan ya riƙe, sun fi maganar shayi muhimmanci.

Shekarunsa. A 'yan ƙasa da 25, makonnin farko na irin wannan magani na iya zuwa da ƙaruwar tunanin cutar da kai. Ba kowa ba, amma ya isa a sa ido. Ka tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa, ko irin wannan tunani na zuwa masa. Tambaya ba ta dasa tunanin. In ya ce e, ko ka ga ya kasa zama wuri ɗaya yana ta safa da marwa, a kai shi asibiti ranar, ba a jira ranar komawa ba. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga kuma asibitin Dawanau. Haka nan in ya koma ba ya barci amma ba ya gajiya, surutu ya ƙaru, yana kashe kuɗi ba lissafi, wannan ba warkewa ba ce, alama ce ta wani ciwon daban da maganin ya tayar, kuma likita na bukatar sani da gaggawa. Magungunan su zauna a hannun babba a gida.

Tuƙi. Muddin yana tashi da nauyin diazepam, bai kamata ya ɗauki fasinja ba. Goro zai buɗe masa ido amma ba zai dawo masa da saurin taka birki ba. Ya gaya wa likita sana'arsa, don wannan na iya sa a gajarta maganin ko a canja shi. Kuma in mako biyun ya cika, kada ya je kemis ya ƙaro. Ba a so a wuce mako biyu zuwa huɗu a kansa, wanda ya daɗe yana sha kuma ba ya dainawa rana ɗaya, don yana iya jawo jijjiga.

Abin da ake saya ba takarda. Tramadol da sertraline ba sa haɗuwa ko kaɗan. Suna iya kawo jijjiga, ko serotonin ya yi yawa: zazzaɓi, gumi sharkaf, tsoka na fizga, rikicewar tunani. Wannan na gaggawa ne. Maganin tari mai kodin ko giya a kan diazepam na danne numfashi. Ibuprofen, diclofenac da asfirin tare da sertraline na ƙara haɗarin zubar jini a ciki, musamman ga mai olsa. In kai ya yi ciwo, paracetamol zalla. Masu "Extra" a jikin kwali galibi da kafeyin a ciki.

Malam Na Kurna

Ƙarin bayani kaɗan don masu karatu da ke kan wasu magungunan. Sertraline ba ya hana hanta sarrafa kafeyin wani abin kirki, tasirinsu ne kawai ke haɗuwa. Wanda ke hanawa sosai shi ne fluvoxamine, wani ɗan'uwan sertraline: awa 5 ɗin da Hajiya ta faɗa na iya komawa kusan 30, goron jiya yana nan na yau ya tarar da shi. Ciprofloxacin da ake yawan bayarwa don taifot shi ma yana rage fitar kafeyin. Ƙwayar tazarar haihuwa kan kusan ninka lokacin, mai juna biyu kuma iyakarta miligiram 200 na kafeyin a yini.

Amitriptyline, wani maganin damuwa da ake yawan rubutawa a nan saboda araha, nasa salon daban ne: barci, bushewar baki, taurin bayan gida, jiri in an miƙe da sauri. Da dare ake shan sa, awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya. Mai shan sa in zai tashi sallar asuba ya fara zama a bakin gado minti ɗaya. Yana rage gumi, don haka a zafin Maris da Afrilu a yawaita ruwa. Dattijo mai matsalar fitsari ya faɗa wa likita tun farko. Kuma in zazzaɓin cizon sauro ya zo, a ambaci amitriptyline kafin a karɓi artemether da lumefantrine, saboda haɗuwarsu na taɓa bugun zuciya.

Ɗan Fagge

Allah Ya saka da alheri. Da dare yake haɗa sertraline da diazepam ɗin duka biyun, za mu gyara. Yana azumin Litinin da Alhamis, yaya zai yi? Kuma har yaushe zai sha?

'Yar Gwale

Amin Malam. Ranar azumi ya sha sertraline da sahur bayan ya ci abinci, sauran ranaku da karin kumallo, tazarar 'yan awannin nan ba matsala ba ce. Da buɗa-baki ne zai kiyaye, don shayi mai kauri da goro bayan magariba za su kai shi har tsakar dare. In tashin zuciyar bai lafa ba, ya ɗaga azumin nafilar na mako biyu.

Tsawon sha kuwa, aƙalla wata shida ne bayan ya ji ya warke, sannan likita ya sauke shi a hankali cikin makonni. In bayan mako huɗu zuwa shida babu wani canji, a koma a duba ko za a ƙara ko a sauya. Akwai kuma illar da samari ba sa faɗa wa yayyensu: raguwar sha'awa ko jinkirin kawowa. Ita ba lallai ta wuce da kanta ba, kuma tana sa a bar magani a ɓoye. Ka ce masa ya faɗa wa likita, akwai irin su mirtazapine da ba su cika kawo ta ba.