Samara Joy: kwaikwayon magabata take yi, ko waƙar tata ce?

MaiHaɗaSauti, Kano

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni ga masu jin kiɗan jaz, musamman iyayenmu da suka riski zamanin garmaho.

Sana'ata haɗa sauti a wani situdiyo a nan Titin Gidan Zoo. Yadda muke aiki ba ɓoyayye ba ne: a buga kiɗa a fiyano a zuba a kwamfuta, mawaƙi ya shiga ɗaki ya ɗora murya baiti-baiti, in ya kauce a yanke a sake. Mai amshi ta zo daga baya, wani lokacin ma ba ta taɓa haɗuwa da mai waƙar ba. A ƙarshe a bi da ototun a miƙar da duk inda murya ta karkace. Ban raina wannan aiki ba, da shi nake ciyar da iyalina.

Wani abokina ne ya turo min Samara Joy, Ba'amurkiya 'yar unguwar Bronx ta New York, haihuwar 1999. A 2023 ta ɗauki lambobin yabon waƙa na Grammy biyu a dare ɗaya, ta sabuwar mawaƙiyar da ta fi fice da ta kundin waƙoƙin jaz, da kundinta mai suna Linger Awhile. Waƙar da ta kama ni a ciki ita ce "Guess Who I Saw Today". Mata ce mijinta ya dawo gida a makare, ta tarbe shi ba faɗa ba hayaniya, ta shiga ba shi labarin yadda ta yini: ta fita sayayya, ta tsaya wani gidan abinci, ta hango wasu masoya biyu a can ɗaya gefen ɗakin. Sai a kalmar ƙarshe za ka gane shi ne mutumin da ta gani. Na sa abin ji a kunne na bi ta daki-daki. Ana jin jan numfashinta kafin kowane layi, ba a goge ba. Akwai inda kiɗa ya riga ya wuce gaba, ita ko tana riƙe da kalmar a baki, sai ka ce ta makara, sannan ta sake ta a hankali ta faɗa daidai inda ya kamata. Da a kwamfutata ce, hannuna da kansa zai ja wannan kalmar ya mayar da ita kan layi, kuma da na kashe waƙar.

To amma da na ci gaba da bincike sai raina ya ɗan sosu. Nancy Wilson ta rera wannan waƙar tun 1960. Na saurari tsohuwar mawaƙiyar jaz Sarah Vaughan, na ji irin wannan kaurin muryar ta ƙasa da irin lanƙwasar da Samara ke yi. Gasar ma da ta fito da ita a 2019 sunan Sarah Vaughan aka sa mata. Waƙoƙin na wasu, salon na wasu, kayan kiɗan irin na shekarun 1950. Shin me ya rage nata? Tambaya ta biyu ta sana'a ce: yaya mutum zai yi ta jan ƙafa a bayan kiɗa haka bai ɓace ba?

BabanKaduna

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ni jaz a rediyo na koye shi, a gajeren zango, cikin dare, daga shirin Willis Conover na Muryar Amurka. Mutumin ya riƙe shirin nan tun 1955 har ya mutu a 1996, yana magana a hankali don mu da Turancinmu bai nuna ba mu gane. Kuma kada ka ɗauka kiɗan baƙo ne ƙwarai a ƙasar nan. Louis Armstrong ya zo Kaduna a 1960, akwai hotonsa da Sardauna.

Abin da ya dame ka, ka sani waƙoƙin nan ba na Sarah ba ne, ba na Ella Fitzgerald ba ne. Yawancinsu an rubuta su ne don wasannin dandali na Broadway da finafinai tsakanin shekarun 1920 da 1950, mawaƙan jaz suka ɗauka suka mayar abin kowa. Waƙa ɗaya sai ka iske mutum ɗari sun rera ta, ba wanda ya ce wani ya yi sata. Kamar taken sarki ne: taken ɗaya ne tun kaka da kakanni, amma mai kunne daga zaure yake gane hannun makaɗin da ke bugawa. Abin da ake aunawa shi ne me ka yi da waƙar yau, a gaban mutanen nan.

Ka nemi wasan da Ella ta yi a Berlin a 1960. Tana tsakiyar wata waƙa baitocin suka ɓace mata, ba ta tsaya ba, ta shiga ƙirƙiro wasu nan take, har da kwaikwayon muryar Armstrong, makaɗa na biye da ita. Aka fitar da faifan haka nan ba gyara, kuma ya ci Grammy. Kamfanin Verve da ya fitar da shi, Norman Granz ya kafa shi a 1956 musamman saboda Ella, kuma shi ne kamfanin da yarinyar nan take a yanzu. Ni da na ji ta, na ji Sarah a cikinta, babu musu. Amma ban taɓa jin mawaƙin kirki da ba a jin malaminsa a bakinsa a farkon tafiya ba.

ƊanDamagaram

Baba, a gafarce ni, ni ban gamsu ba. Muryar Samara kam baiwa ce, wannan ba gardama. Amma lokacin da Sarah Vaughan take yarinya ba waƙar kakanninta take yi ba. A 1943 tana ƙungiyar Earl Hines tare da Charlie Parker da Dizzy Gillespie, mutanen da ke ƙirƙiro sabon salon jaz mai suna bibop a lokacin, kiɗan da manya da yawa suka ce hayaniya ce. Billie Holiday kuma a 1939 ta tsaya gaban Turawa ta rera "Strange Fruit", waƙar baƙaƙen fatar da ake ratayewa a bishiya a kudancin Amurka, har kamfaninta na Columbia ya ƙi ɗauka, sai wani ƙaramin kamfani ya fitar. Waɗannan da zamaninsu suka yi magana, kuma sun sha wuya a kai.

Yanzu jaz ya koma jami'a. A kwalejin Purchase ta New York Samara ta karance shi, ta shiga gasa, alƙalai suka ji abin da suka saba so suka ba ta. Wanda ya fi kama da magabata shi ke ci. Me ta faɗa game da Amurkar da take ciki? Ni na fi ganin ƙoƙarin Laufey, 'yar Iceland, ita ma haihuwar 1999. Tana ɗaukar ƙamshin tsohon kiɗan amma waƙoƙin nata ne, a kan rayuwar sa'o'inta, shi ya sa matasa ke cika wuraren wasanta.

AntiNewark

Ƙanena na Damagaram, da alama a kan Linger Awhile, kundinta na 2022, ka tsaya. Ni a New Jersey nake aikin jinya, kuma na je na ga wasanta ido da ido. Abin da ke faifai rabin labari ne. A dandali ta fara wata waƙa ita kaɗai, ba ko kayan kiɗa ɗaya, tana hawa tana sauka, zauren tsit, sai can makaɗan suka shigo suka same ta daidai kan sautin da ta fara, ba ta zame ko kaɗan ba. Kiɗan Charles Mingus ne wanda asalinsa ba shi da kalmomi, ita ta zauna ta rubuta masa. Yana cikin kundinta na 2024, Portrait, wanda ta yi da makaɗa bakwai, huɗu masu busa, ita ce ta takwas. A can ba ta tsaya a gaba ana yi mata rakiya ba, sau da yawa muryarta tana shiga cikin masu busar ne kamar ita ma ƙaho ce. A situdiyon Van Gelder suka ɗauka, nan Englewood Cliffs, ɗakin da fitaccen mai busa John Coltrane ya yi aiki a ciki.

Ko a Linger Awhile ɗin ma akwai nata. Ta ɗauki busar da Fats Navarro ya yi a 1947, mai turampet ɗin da ya mutu yana ɗan shekara 26, ta bi ta sauti bayan sauti ta ɗora wa kowanne kalma. Wannan ba aikin mai kwaikwayo ba ne.

Kuma ba a jami'a ta koyi waƙa ba, jaz ɗin ne ta tarar a makare. Gidansu gidan waƙar coci ne. Kakanninta su suka jagoranci ƙungiyar Savettes a Philadelphia, mahaifinta ya yi yawon waƙa da mawaƙin coci Andraé Crouch. Laufey kuwa ina jin daɗinta, 'yata ma ba ta da abin ji sai ita, amma Grammy ɗin da ta ci a 2024 a rukunin tsohon salon fof ne, ba jaz ba. Yadda Laufey ta rera a faifai kusan haka za ka ji a dandali.

MaiBes, Jos

Malam MaiHaɗaSauti, ba wanda ya taɓa tambayarka ta biyu, bari in gwada, tunda bes, jita mai kaurin sauti, nake kaɗawa a coci. Ba ta ɓacewa saboda akwai mai riƙe mata ƙasa. Mai bes yana taka bugu huɗu a kowane ma'auni, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ba ya fasawa. Mai ganga yana taka farantan ƙarfe na gangarsa da ƙafar hagu a kan biyu da huɗu. Yawancin tsofaffin waƙoƙin nan kuma ma'auni 32 ne, kashi huɗu takwas-takwas: na farko, a maimaita shi, a kawo wani daban, a koma na farko. Kowa a ƙungiyar yana ɗauke da wannan taswirar a ka. Don haka tana iya jinkirta kalma, ta matse uku a wurin ɗaya, ta bar wani wurin fanko, muddin ta san inda "ɗaya" take. In kana son ka kama abin, ka rufe ido ka bi bes kaɗai kana tafi a kan biyu da huɗu, ka bar muryar ta yi yawonta. Za ka ji a ƙarshen kowane takwas tana dawowa gida. A kundin Linger Awhile Kenny Washington ne a ganga, ka saurari burushin da yake kaɗawa da shi a kan fata.

MaiHaɗaSauti, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam MaiBes, na yi tafin, kuma na ji abin da ka ce. Har na gano wani abu: ba kullum take jan ƙafa ba. Inda labarin ke tafiya lami lafiya tana kan bugu, sai inda maganar ta yi nauyi take jinkirtawa. Ashe ma'anar kalmar ce ke gaya mata lokacin da za ta sake ta. Na koma na jera tata da ta Nancy Wilson. Matar da ke bakin Nancy ta riga ta yanke hukunci, tana wasa da mijin ne kafin ta soke shi. Ta bakin Samara kuwa kamar har yanzu tana fatan idonta ne ya yi mata gizo. Kalmomi ɗaya, mata biyu daban. Wannan ya ishe ni amsa.

Ɗan'uwana na Damagaram, maganarka ta Billie Holiday tana nan daram, ba ni da abin da zan ce a kai, kuma ni ma zan so in ji ranar da Samara za ta rera abin da ke ci wa mutanenta tuwo a ƙwarya. Inda muka rabu shi ne a ce sai wanda ya rubuta waƙa ne mai ita. Kullum ina ganin masu rubuta nasu baitocin suna rera su ba rai, ina kuma ganin yarinyar da aka miƙa wa takarda ta karanta sau biyu ta sa mu yin shiru a ɗakin.

Baba, bayan Sarah da Ella, wa zan nema?

BabanKaduna

Betty Carter, ɗana. Ita ce ta rubuta "Tight", waƙar da Samara ta ci Grammy da ita a 2024. Ta fi su duka wasa da lokaci, takan ja waƙa har ka manta da wadda aka fara, ko ta zuba gudu sai makaɗa sun yi gumi. Da manyan kamfanoni suka juya mata baya ta kafa nata, Bet-Car, ta riƙa ɗaukar samarin makaɗa tana horar da su har ta mutu a 1998. Ka fara da faifan da ta ɗauka gaban jama'a a San Francisco a 1979. Kada ka yanke mata hukunci a ji na farko, muryarta ba ta da zaƙin ta Sarah, sai kunne ya saba. Bayan ita ka nemi Carmen McRae don yadda take furta kalma.