Ajin manya a Rigasa: mutane suna ta ɗauke ƙafa, ina mafita?

Maman Husna: Salamu alaikum 'yan zaure, shawara nake nema. Ajin manyan da muka buɗe a Rigasa bayan ƙaramar salla da mutum 34 muka fara, jiya 9 na ƙirga. Waɗanda muka fi yi domin su kuma su ne suka fara ɗauke ƙafa: zawarawa masu wankau, matan da suka gudo daga ƙauyukan Birnin Gwari, da wasu guragu biyu. Littafi kyauta, fensir kyauta. Me ya rage?

Ɗan Panteka: Ƙarfe nawa kuke shiga?

Maman Husna: 10 na safe zuwa 12.

Ɗan Panteka: To ai kin ba kanki amsa, Hajiya. Mai wankau ƙarfe 10 tana bakin famfo.

Baban Kakuri: Maman Husna, bari in gaya miki abin da ya same mu. Bayan an rufe masaƙun Kakuri mutanenmu da yawa sun koma zaman kashe wando, wasu ko sunansu ba su iya rubutawa ba. Sai wata ƙungiya ta zo da motoci ta ce za ta buɗe mana aji, ni aka ɗora wa tara mutane tunda na ɗan yi boko. Suka ce duk wanda ya zo akwai kuɗin mota. Ranar farko ajin bai ɗauke mu ba, har da waɗanda na san sun gama sakandare. Aka ɗauki hoto, aka raba riguna.

Inda aka fara ɓata tafiya shi ne wurin zama. Ajin firamare aka ba mu, a kan bencin yara, gwiwa tana taɓa haɓa. Yaran unguwa kuma suka maƙale a taga suna leƙe, wani ya hango kakansa sai dariya ta ɓarke. Malamin da aka turo yaro ne sa'ar ɗana, yana ce wa dattijo mai furfura "kai, maimaita". Wani baba da ya yi shekaru yana sarrafa injin saƙa aka sa shi rera A B C da tafi. Daga ranar ban sake ganinsa a ajin ba, ko a masallaci ya hango ni sai ya canza sahu. Wata shida kuɗinsu ya ƙare, kuɗin mota ya tsaya, aji ya mutu. Takardar shaidar da suka yi alkawari har yau shiru, ni kuwa har yau ni ake tambaya, ni na ci kunyar.

Don haka kar ki raba kuɗi ko da kina da shi. Ki nemi wurin da idon yara ba ya kaiwa. Kuma kar a fara da waƙa, a fara da sunan mutum da lambar wayarsa. Ana cewa gemu ba ya hana ilimi, haka ne, amma ba a ce a ja gemun a gaban jikoki ba.

Maman Husna: Innalillahi. Baba, mu ma fa ajin firamare ne.

Anti Tudun Wada: Ki bar jiran su zo, ki je. Nana Asma'u ba ta tara matan ƙauye a aji ɗaya ba, jaji, wato malamai mata masu zagayawa, take turawa, tsarin 'Yan Taru ke nan. Mu gida uku muka zaɓa, kowanne mata 6 zuwa 8, bayan azahar kafin a ɗora tukunyar dare. Mai goyo ta zo da goyonta. Mun fara gaisawa da mai unguwa da mazajen, shi ya sa ba wanda ya hana.

Mai POS Kawo: Ku koya musu karanta alat kawai, ku ga cika. Kullum sai na ga tsohuwa ta miƙa wa yaron da ba ta sani ba waya ya duba mata ko kuɗi ya shiga.

Alaramma Hayin Banki: Ni sunan "yaƙi da jahilci" ne ma ban yarda da shi ba. Wace ce jahila? Matar da ta sauke Alƙur'ani, take rubuta wasiƙa da ajami, ku ce ta zo yaƙi da jahilci? Ko ni ne ba zan zo ba. Ku ciro naira 200 ko 500 ko 1000 ku duba rubutun da ke jiki. Wanda ya iya ajami rabin aikin ya gama, baƙi da wasali ya sani, ku ɗora masa boko a kai.

Ɗan Panteka: Ai an cire shi daga ƙananan kuɗi tun 2007, Alaramma.

Alaramma Hayin Banki: An cire daga kuɗi, ba a cire daga kan mutane ba.

Anti Tudun Wada: Don Allah kar ku tayar mana da wannan rigimar yau.

Na Keke: Ku bar ni in yi magana tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni gurgu ne. Yaya Maman Husna, akwai matakala a ƙofar ajin? Akwai lambatu kafin a shiga? Ban ɗakin fa, keke yana shiga? Mutum ba zai gaya miki ba, sai dai ki daina ganinsa. Babba da shi a riƙa ciccibarsa kullum a gaban mata, wa zai jure? An sa wa dokar hana nuna wa nakasassu bambanci hannu a 2019, amma katako biyu a kan lambatu sun fi saurin aiki. Kuma ki bi ta hannun Sarkin Guragu da Sarkin Makafi, in suka ce a zo za a zo. Kurame kuwa in babu mai maganar hannu kar ma ki gayyace su.

Maman Husna: Matakala uku ne. Wallahi ban taɓa lura ba.

Jauro Ladduga: Mu dai rediyo ya fi mana aji. Hukumar ilimin makiyaya tun 1989 aka kafa ta, hedikwatarta ma nan Kaduna take, amma saniya ba ta san ƙarfe 10 ba. A saurara tare da dare, wanda ya iya ya nuna wa saura.

Bakano a Mando: Ku zo Kano ku koya kawai. Tun 1980 zamanin Rimi muka kafa hukumar ilimin manya, Zage-zagi suna barci.

Ɗan Panteka: Littattafan yaƙi da jahilcin da kakanka ya karanta a ina aka buga su? A Zariya. Ka zo ka gaishe da iyayen gidanka.

Bakano a Mando: Ku buga, mu karanta, mu sayar muku.

Alaramma Hayin Banki: Ni dai har yanzu ba a ba ni amsa kan sunan ba.

Maman Husna: To yanzu bayan azahar ko bayan isha'i? Masu wankau sun ce dare, matan aure sun ce ba za a bar su ba.

Mai POS Kawo: In dare ne ina da fitilar sola guda biyu, amma ɗaya batirin ya mutu. Ɗan Panteka, kana gyarawa?

Ɗan Panteka: Kawo ta Asabar. Kuɗin hannu dai ba yafewa.