Bindigar iska ta PCP (mai silindar da ake cika wa iska tun kafin harbi) tana shan iska da yawa, yaya zan saita bawul ɗinta?

Ɗan Kawo:
Salamu alaikum manya. Bindigar mai baki 5.5mm ce, tana da ragileta (mai daidaita matsin iskar kowane harbi) a kan matsin bar 120, ana cika silinda zuwa bar 200. An ɗaure sifirin guduma (ƙarfen da ke dukan bawul) kusan ƙarshe don neman ƙarfi. Da dalma mai nauyin giren 18.13 gudun ya tsaya a ƙafa 905 a daƙiƙa, amma harbi a cikawa ɗaya ya ragu daga 50 zuwa 30, ga ƙara. In faɗaɗa ramin da iska ke bi ne?

Baba Maharbi:
Wa alaikumus salam. Yaro, kada ka taɓa ramin tukuna, dukan gudumarka ne ya wuce kima. Aikinta ta daki bawul ya buɗe na ɗan ƙiftawar ido, iska ta tura dalma. Idan dukan ya yi yawa, bawul yana nan a buɗe bayan dalma ta yi nisa a bututu, sauran iskar sai ta bi bayanta a banza. Ƙarar da kake ji ke nan. Wani lokaci ma gudumar kan yi tsalle ta sake dukan bawul, za ka ji "burr" maimakon "tas" guda.

Ka sa na'urar auna gudu a gaba. Sassauta sifirin sosai, sannan ka riƙa ɗaurewa rabin juyi, harbi uku a kowane mataki, kana rubutawa. Za ka kai inda ko ka ƙara ɗauri gudun ba ya motsi. A taka, 905 ne. Daga nan koma baya da kwatan juyi har ka sauka kashi 95 zuwa 97 cikin ɗari na wannan adadi, wato tsakanin 860 da 878.

Lissafin ƙarfi: giren sau gudu sau gudu, a raba da 450240. A 905 kana da fam-ƙafa 33, a 875 kusan 31. Biyu kacal ka bari, iskar da za ka tsira da ita kuwa mai yawa ce. Kada dai ka sauka ƙasa sosai, can gudun yake fara hawa da sauka tsakanin harbi da harbi.

Injiniya Barnawa:
Baba ya faɗi gaskiya. In ƙarin ƙarfi kake so da gaske, ragileta za ka ɗaga, bar 5 zuwa 10 a lokaci guda, ka sake saitin guduma daga farko. Ramin da ke jikin bututu kuma kada ya wuce kashi 75 cikin ɗari na faɗin baki, kusan 4.1mm a taka. Ya wuce haka, dalma za ta riƙa faɗawa ciki tana gurjewa lokacin ɗurawa. Ƙarfen da aka cire ba ya dawowa, ko an kai wa gwanayen Panteka sai dai su ƙera sabo.

Dalma irin wannan ta fi tafiya daidai tsakanin 850 da 900.

Malam Na Rigasa:
Kafin a kwance bawul ko ragileta, a zubar da iskar kaf, geji ya nuna sifiri, a harba babu dalma don tabbatarwa. Bakin mai ko giris na mota kada ya kusanci inda iska mai matsi take, yana iya kama wuta. Giris na silikon kaɗai, ɗan shafe a zoben roba. Iskar masu walda kuwa, oksijin, kisa ce, kada a cika da ita.

Sai zafin Maris da Afrilu: silindar da aka cika bar 200 a digiri 25, in ta kai digiri 55 a cikin mota tana rana, za ta hau kusan bar 220. Da hunturu a rufe bakin cikawa, ƙwayar ƙura ɗaya a mazaunin bawul ta isa ta sa yoyo. Da damina a riƙa buɗe sukurun famfon cika iska ana fitar da danshi.

Ɗan Kawo:
Na gode, Baba, na gode malamai. Zan fara da gudumar in kawo muku lambobin.